Soson injin niƙa

Daren Alhamis, Zonkwa

Barci ya ƙi zuwa. Da rana injin niƙana ya fara tari da baƙin hayaƙi, sai na ciro soson da ke tace masa iska. Garin citta ya toshe shi. Na wanke, na shanya a katanga. Ina dawowa daga zumuntar mata, na tarar surukata tana goge gindin tukunya da shi, duk ya yage.

"Mama, na inji ne fa!"

"To me ya kawo shi wajen wanke-wanke?"

Da asuba matan coci za su kawo niƙan dawar kunun biki. Maigida ya ce in tayar da injin haka nan, ba soso. Ai ba shi ya yi shekara biyu yana haƙar citta ya sayi injin ba.