Tagogin Ɗakin Ƙwallon Tebur

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan aiki yana zuwa da sauƙi. Tun da aka tura ku wajen killace masu cutar nan kika hana kanki shigowa gida, wayarki kuma kullum tana kulle cikin lokar asibiti, shi ya sa na ba direban motar asibitinku wannan takarda.

Albishirinki. An ba mu izinin buɗe ɗakin ƙwallon tebur, kuma 'yarki Walƙiya ta koma atisaye. Kafin ki fara faɗa, saurara. Bokitin ruwa da sabulu na bakin ƙofa. Kowane yaro da raket ɗinsa, ba aro. Ƙwallaye kuwa na wanke su har tambarin jikinsu ya goge. Na hana musabaha, na hana hura wa tafin hannu iska kafin a buga. Takunkumi sai an tsaya gaban tebur ake cire shi. Ko ɗakin tiyatarku bai kai mu tsabta ba.

Yarinyar nan zaman gida ya kusa zautar da ita, bango take buga wa ƙwallo har maƙwabta suka kawo ƙara. Yanzu ta dawo mutum. Baba lafiya lau, asmarsa ta lafa, kullum suna tare a ɗakinsa tana ba shi labarin waɗanda ta lallasa.

Ƙaninki,
Auta, wanda yara ke kira Koci

*

Auta,

Ina amsa gaisuwarka, Allah ya bar zumunci.

Na karanta takardarka daga sama har ƙasa, na ga bokiti, na ga sabulu, ban ga taga ba. Ni za ka yi wa wayo? Na san ɗakin nan. Da hannunka ka kafe tagoginsa da ƙusa, ka ce iska tana karkatar da ƙwallo. Fanka ma ba ka bari a kunna. Wato yara su yi ta haki a ɗaki rufe ruf, wannan ya fesar wancan ya shaƙa, kai kana can kana wanke ƙwallo.

Cutar nan a numfashi take tafiya. Kullum ina tsaye a kan dattijan da ba su taka ƙofar gida ba, jikoki suka kai musu har gado. Walƙiya tana da ƙuruciya, mai yiwuwa ta yi mura ta warke. Ƙirjin Baba ba zai ɗauka ba, kai ma ka sani.

Ban ce ka hana ta wasa ba, na san abin da zaman gida ya yi mata. Ka zare ƙusoshin nan, ko ka maido mini da 'yata gida. Tsorona nake faɗa maka, ba faɗa nake yi ba, ko da yake faɗan ma ka ci a yi maka.

Ka gaida Baba da kyau.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Yau babu wasa a bakina.

Da takardarki ta zo na ji haushi, na ce wanda bai taɓa riƙe raket ba ina zai san ciwon iska. Na ɗan yi taurin kai, sannan na ɗauko hama na zare ƙusoshin. Wasa ya lalace. Ka buga ƙwallo gabas ta nufi kudu. Yara suka yi ta gunaguni, wani uba ya janye ɗansa, wai na mai da ɗakin atisaye filin shanya.

Shekaranjiya Bahago, yaron da ke bugawa da hannun hagu, ya kwanta da zazzaɓi. An gwada shi, cutar ce. Shi ne abokin atisayen Walƙiya, tebur ɗaya suke. Abin da ke cina shi ne ban san yaushe ya ɗauka ba, kafin in buɗe tagogin ko bayan na buɗe.

Na rufe ɗakin wasan. An ɗauki gwajinmu duka, har da Baba, muna jiran sakamako. Walƙiya ta kulle kanta a ɗaki, abinci sai a ajiye a bakin ƙofa. Ta cikin ƙofar ta tambaye ni, "Kawu, in Kaka ya mutu, ni na kashe shi ko?" Ki faɗa mini abin da zan ce mata.

Kuma Yaya, Baba ya fara tari tun jiya.

Auta

*

Autan Baba,

Ina gaishe ka, ka kwantar da hankalinka.

Na so in taho, amma in na shigo gidan nan da abin da nake shaƙa kullum, gyara zai koma ɓarna. Ka riƙa ƙirga numfashin Baba safe da yamma kamar yadda na koya maka. In ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya hutu, ko leɓɓansa suka canza launi, kada ka jira kowa, ku nufi asibiti.

Ka tsaya a ƙofar 'yata ka karanta mata wannan da ƙarfi: ba ki yi laifin komai ba. Wasa kika je yi, da izinin manya. In akwai mai laifi a nemo shi cikinmu.

Kai kuma ka daina cin kanka. Ka buɗe tagogin, ko da a makare. Ni ban iya cin abinci ba tun da takardarka ta zo, don haka kada direba ya dawo hannu wofi.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa, kuma ki zauna ki ci abinci.

Sakamako ya fito. Babu mai cutar ko ɗaya cikinmu, ni da Walƙiya da Baba. Sauran yaran ma gwaji ya wanke su duka. Bahago ya fara tashi, uwarsa ta ce har ya nemi raket ɗinsa. Likita ya ce Allah ya kiyaye, iska kuma ta yi nata aikin. Ɗakin wasa zai buɗe in Bahago ya warke, kuma dole yara su koyi bugu cikin iska.

Tarin Baba mura ce, kuma ni na jawo ta. Don tsoro na wangale tagogin gida duka, sanyin asuba ya buge shi. Ya ce in ban kashe shi da cuta ba zan kashe shi da rigakafi.

Walƙiya ta fito, amma da ta isa ƙofar ɗakinsa sai ta toge, hannuwa a baya, ta kasa shiga. Baba ya dube ta ya ce, "Shigo mana, ko sai na aiko da mota?"

Da gudu ta faɗa jikinsa tana kuka. Ina rubutun nan tana riƙe da hannunsa, abincinsa yana hucewa, ya ce a bar shi ya huce.

Naki,
Auta