Motar Dogo

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da yara da mijin nan naki Dogo mai taurin kai.

Ki gaya wa Dogo na gama motarsa. Na canza sifirin da shokozoba, na ɗaga ta kamar tafin hannu guda, na sa mata manyan tayoyi. Bututun shaƙar iska na kai shi har saman gilashi, ko ruwa ya kai ƙirji ba za ta mutu a rafinku ba. Giyar da ke jan tayoyi huɗun ma ta daina kuka. Sai dai ki ja masa kunne, tunda ni ba ya jin tawa: motar da aka ɗaga ba ta son gudu a kwana, ba ta son nauyi a ka.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ya aiki? Allah ya saka da alheri. Sau tara ke nan ya haye rafin da ita a daminar nan. Makon jiya ya kai wata mai naƙuda asibiti, ruwa har ƙofa, ta sauka lafiya. Yanzu ko abinci yake ci, idonsa na kan motar, har na ce ko ya kai shimfiɗarsa ciki.

Yana da roƙo. Idan ya kwantar da mara lafiya a baya, kayan 'yan rakiya ba su da wuri. Wai ka yi masa waldar ƙarfen ɗora kaya a sama. Ya ce kai za ka hana shi, amma ni ba ka taɓa hana ni komai ba.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙuri?

Wata biyu ke nan ina fara takardar nan ina yagawa. Kin ga ranar jana'izar Dogo ban shigo wajenki ba, daga maƙabarta na wuce tasha. Na kasa haɗa ido da ke.

Ranar da ya kawo motar na ce masa, “Dogo, za ta yi nauyin kai.” Ya yi dariya ya ce, “Yaya, ai ni ke riƙe da sitiyarin.” Da na ƙi, da fushin kwana biyu zai yi ya huce. Na san abin da zai iya faruwa, na kuma ɗauki walda da hannuna. Tun ranar ban buɗe gareji ba.

Ki yafe ni in za ki iya.
Yayanki

*

Yaya,

Na amsa gaisuwarka. Na yi fushi da kai, amma a kan barina da ka yi ni kaɗai a cikin mutane. Ƙarfen kuwa ni na rubuta na roƙa, ko ka manta? Kullum da wannan nake tashi.

Ga abin da ba ka tsaya ka ji ba. Dogo ya ɗauko wani dattijo da maciji ya sare shi, ƙafar har ta yi baƙi. 'Yar dattijon ta ce ita ta riƙa cewa, “Direba, ƙara wuta.” Ya ƙara. A gangaren bayan gada motar ta kife. Su biyun sun rayu.

An jawo motar, tana bayan gida, rufin ya lotse. Ruwa bai ɗauke ba tukuna. Shekaranjiya wata maƙwabciyarmu ta rasu a bakin rafi, a kan amalanke, ana jiran ya janye. Ƙanin Dogo ya iya tuƙi, motar ce babu. Babu wanda ya san cikinta sai kai.

Auta

*

Auta,

Na ga saƙonki. Zan zo ranar Laraba da kayan aiki. Ki sa wani ya wanke kujerar gaba kafin in iso. Wannan ɗin ba zan iya ba.

Yayanki