Na Bar Auta Ta Yi Gudu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan, ya sa kaffara ce. Mu ma nan sai godiya. Baban yara yana nan da shagonsa na gyaran agogo, kullum yana mitar mutane sun koma duba lokaci a waya. Ni kuwa ɗinki bai bar ni na miƙe baya ba.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki biro. Kada hankalinki ya tashi, an kwance ɗaurin, hannu ya warke sarai. Kin ji cewa ta karye, amma ban gaya miki yadda aka yi ba, don kunya nake ji. Ba daga bisa ta faɗo ba, Yaya. Santsi ne ya kwashe ta a bakin famfo, ta dafa ƙasa, shi ke nan wuyan hannu ya tsage. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar!

Kin san tun da aka gano tana da ciwon sukari tana shekara tara, na riƙe ta kamar ƙwai. Na hana ta madara, wai akwai zaƙi a ciki. Na hana ta shiga rana kada jiri ya ɗebe ta. In ta dawo daga makaranta, sai kujera a gefen kekena, tana tsinke zare da dasa maɓalli har magariba. Farkon kowane zango kuma ina rubuta wa malamar wasanni takarda, a bar mini 'yata a inuwa. Yayyenta har suna kiranta Tangaran, ni kuwa ina ta hura hanci wai na iya raino.

Likitar da ta duba hoton ƙashin mace ce mai fara'a, amma ba ta rufa-rufa. Ta ce ƙashin Auta bai kai ƙwarin na sa'o'inta ba. Ta bayyana mana cewa wannan ciwo yana iya taɓa ƙashi, kuma a shekarun nan ne jiki ke gina ƙashin da zai ɗauki mutum har tsufa, in suka wuce da wuya a rama. Sai ta tambaya me Auta take ci, wane wasa take yi. Auta ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Likita ta ce wajen allura da gwaji ba ta da abin cewa, na yi ƙoƙari, amma ƙashi yana son madara marar sukari daidai awo, da ƙananan kifi, da ganye, da hantsi, da tsalle-tsalle. Tsalle fa, Yaya! Abin da na shekara shida ina yaƙi da shi.

Kin san taurin kaina, ban sauko nan take ba. Na tambaya, in sukarin ya faɗi tana tsakiyar fili fa? Ta ce a gwada kafin wasa, malamar ta san alamomin, yarinya kuma ta riƙe alawa a jikinta. Na dawo gida ina ta juya maganar. Da na rasa abin yi da tsorona, sai na kai shi kan keke: na ɗinka wa rigar wasanta aljihun ciki mai zif, daidai alawa uku. Sau biyu ina farke shi ina sakewa, har babanta ya ce ko aljihun ajiyar kuɗin banki ne.

Da aka koma makaranta, Auta ta kawo mini takarda da biro kamar yadda ta saba, ta ajiye a gabana. Na rubuta wa malamar cewa a sa ta cikin 'yan gudu. Na sa hannu.

Ranar Alhamis ta shigo gida jiƙe da zufa, gwiwa a ƙuje tana jini. Na haɗiye faɗan da ya taso mini. Tana dariya ta ce ita ce ta zo ta ƙarshe, amma ta kai har ƙarshen layi ba ta tsaya ba. Ina wanke mata ciwon na ce ta yafe mini shekarun da na zaunar da ita. Ta ce ba komai, ita dai in yi sauri in ɗaure, don gobe ma akwai gudu. Wallahi Yaya, ban taɓa jin daɗin ganin jini a jikin 'ya'yana ba sai ranar.

Ki gaida maigidanki, da Gwaggo, da Kawu mai shagon taya, da su 'yan biyu. Babanta da yayyenta duk suna gaishe ki. Ki ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Taki har kullum,
Ƙanwarki, maman Auta