Ta Koma Baya Ta Goge Ni

Anti Barakatu, ki taimake ni, kaina ya kulle. Mu 'yan biyu ne, ni da Assana, a nan Zongon Lome. Ita tana jami'a, ni ina sayar da yadi tare da Mma, mahaifiyarmu, a kasuwar Adidogome. Assana ta rubuta littafi da Hausa, kuma da yake yaran Zongo Faransanci suka iya karantawa, sai take karanta shi da muryarta babi-babi tana turawa a waya. Har masu zemijan, wato 'yan acaba, suna sauraro.

Labarin wata yarinya ne, ita ma Assana, da ta haɗa na'ura mai mayar da mutum zamanin baya. Wallahi ta iya rubutu. Inda yarinyar ta tarar da kakanta yana saurayi, ya sauka Lome da huhun goro, sai da na yi hawaye, don kakanmu ne sak. Amma a babin ƙarshe ta koma ranar haihuwarta, ta tabbatar ita kaɗai ta fito da rai, ban da abokiyar haihuwarta. Daga nan komai ya gyaru: ɗaki nata, uwa tata, ba mai yi mata minshari a kunne. Anti, ni ce mai minsharin. Har tabon ƙunar da ke hannuna ta sa wa wadda aka goge a labarin. Jiya wata mai kifi ta tambaye ni, tana dariya, ko ni ce aka goge. Yanzu kuma Assana ta matsa in faɗa mata inda littafin ya yi kyau da inda ya gaza. Me zan ce mata? Gado ɗaya muke kwana.

Wadda aka goge, Zongo

'Yata, ba zan lallashe ki ba, ke ce. Duk wanda ya ce miki labari ne kawai, tausayinki yake ji.

'Yar'uwarki tana da baiwa, kuma na fahimci gajiyarta. Tun kuna zanen goyo ake ɗinka muku kaya iri ɗaya, ana kiran ku da baki ɗaya. Tana da damar neman sarari. Amma kai tabonki kasuwa mugunta ce, ba fasaha ba.

Littafin kuwa ya gaza a gindinsa. Ba a raɗa wa jaririya Assana sai don ta zo da abokiyar tafiya. Da ita kaɗai ta fito, wata Ladi ce can, wadda ba ta da kowa da za ta tsana, balle ta ƙera na'ura. Marubuciyar da ba ta ga wannan ba, haushi ne ya riƙe mata alƙalami.

Ra'ayi ta nema, ki ba ta. Ki yabi babin kakan, ki nuna mata wannan ramin, kuma ki tura da muryarki inda take tura nata, kowa ya ji. Kada ki yi kuka, kada ki jira ta ba ki haƙuri, don ban ga alamarsa ba. Sannan ki sayi katifarki ki koma ɗakin Mma. Kaɗaicin da ta rubuta, bar ta ta kwana da shi. Allah Ya sanyaya miki zuciya.