Baturiyar da Kika Koya wa Hausa

Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa daga Sevran, nan gefen Paris. Na san wannan takarda ba za ta taɓa shiga hannunki ba, amma in ban rubuta ba cikina zai fashe.

Kwana uku muka yi zaman makokinki a ɗakinki na unguwar Minguettes. Mutanen Lyon sun yi ƙoƙari, na Paris ma ba su bar mu ba. Inna tana can Damagaram tana ta haƙuri, sai dai an ce abinci ba ya shiga.

Tsohuwar nan 'yar Ailan da kika yi shekara bakwai kina yi wa jinya, mai rubuta littattafan labari, ita ma ta zo. Kullum da burodin da ta gasa da hannunta, wai haka ake yi a ƙasarsu. Ta yafa gyale ta zauna a tsakiyarmu. Kin san halinmu, da aka ga farar fata sai aka saki baki da Hausa kamar kujera ce aka ajiye. 'Yata Nana na fita ɗebo ruwa, Hajiya Mariya, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta fara: wai yarinya tana ta hidima, ba ta san uwar da ta haife ta aka rufe ba. Aka tono yadda kika ba ni ita tun tana goye, lokacin da aurenki ya mutu.

Rana ta uku tsohuwar ta miƙe, ta kama hannuna, ta yi mini ta'aziyya da Hausa. Hausar Damagaram, Yaya, har da jan muryarki!

Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Ke da bakinki kika ce matar nan ba ta raga wa kowa, uwarta ma ta sa ta a littafi, har ƙanwarta ta daina yi mata magana. Kin san haka, to hirar me kuka yi shekara bakwai? Don ta iya cewa sannu kika koya mata?

Makon jiya aka kawo ƙunshi daga tsohuwar, da sunan Nana, ba nawa ba. Wa ya ba ta adireshinmu? Tsohon littafinta ne na Ingilishi, da 'yar takarda cewa akwai sabo a hanya, kuma Nana za ta fara aika wa. Yarinyar da ba mai kama ta a Ingilishi a ajinsu, kwana uku ta cinye shi.

Allah ya yafe mini, ke nake zargi. Sau nawa kika roƙe ni in faɗa wa Nana gaskiya, ina ce miki bari ta gama jarrabawa? Ba jarrabawa ba ce, tsoro nake ji, yau na faɗa. Gajiya kika yi da ni, shi ne kika ɓullo ta bayan gida?

Wataƙila alhakinki nake ɗauka. Amma ba zan yarda 'yata ta ji asalinta daga bakin baƙuwa ba. Ranar Asabar zan zaunar da ita. In ta daina ce mini Mama, wa zan kai wa ƙara, ke kin tafi?

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa kin huta.

Ƙanwarki da ta goya miki,
Zainabu