Iskar da Ta Taɓa Cindo

Ikko, 9 ga Maris, 1976

Zuwa ga Iya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarki, yaya Baba da Murja da mutanen Ɗanzomo? Ni lafiya lau, kullum da kifi nake cin tuwo.

Layar da kika aiko ta iso, na ɗaura. Ashe Ya'u direba ce miki ya yi iska ta taɓa ni, ya bar ki da kuka. Iya, ba ta gindin tsamiya ba ce, irin wadda ake bugawa a tayar keke ce. A masana'antarmu ta kwanuka, injin ɗaga kaya da mai yake aiki, kamar bayan tifa. Injin da ke juyawa kuma da lantarki yake aiki. Nawa kuwa iska ke tura sandarsa ta daki ƙarfe, duk ya fi su sauri. Rannan ya riga ni, kafin in janye hannu ya sauko.

Kada ki damu, ɗan yatsan nan na shida kawai ya ɗauke. Wurin ya kusa warkewa, sai ɗan zugi in an yi ruwa. A aiko mini da daddawa.

Yanzu biyar gare ni kamar kowa, amma kada ki bari a sauya mini suna.

Ɗanki,
Cindo