Tambulan Biyu a Bakin Taga

New Orleans, Nuwamba 1956

Zuwa ga 'yata Odile,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga sanyin Chicago. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwata. Mun je mun shafe kabarin babanku da farar ƙasa ranar bikin tunawa da dukan tsarkaka, ko da yake ke ba ki ga damar zuwa ba.

Maganar ƙaninki Alcide ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san giya ce ta kai babanku kabari ina ɗauke da cikin Alcide, kin kuma san ranar jana'iza na farfasa kwalaben gidan nan kaf. Ban taɓa gaya wa ɗan nan yadda ubansa ke haɗa abin shansa ba. To ran Lahadi da rana na dawo daga coci na tarar da shi a kicin, ƙato da shi, yana haɗa wuski da barandi a kan ƙanƙara, da ɗan sukari da ɗigon ruwan ɗaci. Da ƙotar wuƙa yake juyawa, kuma da hannun hagu, alhali shi ba bahago ba ne. Ya murɗe ɓawon lemun tsami, ya shinshina, ya jefar ta bayan kafaɗa, sak yadda babanku ke yi. Ya zuba tambulan biyu, ya ajiye ɗaya a bakin taga, inda babanku ke ajiye wa matattu rabonsu.

Na ce masa ɗan banza, wane shaiɗanin ne ya koya masa? Ya yi dariya, wai in daina wa'azi tunda Fada ya riga ya yi na yau a coci, wai hannunsa ne kawai ya sani. Sannan ya kira ni Lali. Odile, mutum ɗaya ne ya taɓa kirana haka, shi ne babanku. Da na waiwaya, tambulan ɗin da ke bakin taga ya koma rabi. Gwaggonku Zeline ta ce zafi ne ya shanye, wai tsufa ya fara taɓa min kai. Zafi a watan Nuwamba, ana sanyi!

Jiya ya sake haɗawa, amma bai kurɓi ko ɗaya ba. Duka biyun ya jera a bakin taga. Na tambaye shi na biyun na wa ne, ya ce nasa ne, wai an ce masa ya fara sabawa da wurin. Wurin matattu fa, Odile!

Saboda haka ba shawara nake nema ba. Ran Asabar zan sa shi a jirgin ƙasa, ki tare shi a tasha. Mijinki ya nema masa aikin da zai gajiyar da shi. Kada ki bar kwalba a gidanki, kuma in ya kira ki da sunan da bai kamata ya sani ba, kada ki amsa.

Ki gaida mijinki Lucien da jikokina, Celestine da Remy. Zeline na gaisuwa.

Mahaifiyarki,
Eulalie